Gogar Tsirkiya a Jitar Lantarki: Tarihin Matsalar da Sana'ar Gyaranta

Jita kayan kiɗa ce mai tsirkiya shida waɗanda aka miƙe daga gangar jikinta zuwa kanta, bisa wani dogon wuya na katako wanda aka shimfiɗa wa allon da yatsu ke dannawa. A kan wannan allo an dasa siraran ƙarafa a gicciye, waɗanda makaɗa ke kira firet, kuma aikinsu shi ne tsayar da iyakar tsirkiya a duk inda makaɗi ya danna ta, ta yadda kowane gurbi zai ba da nasa amon ba tare da kuskure ba. Matsalar da ta fi damun mai koyon jitar lantarki a watanninsa na farko ita ce gogar tsirkiya, wato wata 'yar ƙara mai karkarwa, marar daɗin ji, wadda ke tashi idan tsirkiyar da aka kaɗa ta riƙa taɓa wani firet da bai kamata ta taɓa ba, har amon ya shaƙe ko ya mutu tun bai kai ko'ina ba. Sau da yawa mai koyo kan ɗauka cewa an cuce shi a ciniki, alhali kuwa matsalar ta girmi jitar lantarki da ɗaruruwan shekaru, kuma galibin sassan da ake juyawa a jikin jitar yau saboda ita aka ƙirƙiro su.

Asalin abin ba shi da wuyar fahimta. Tsirkiyar da aka kaɗa lilo take yi, lilon kuma ya fi faɗi a tsakiyarta, saboda haka tana buƙatar sarari tsakaninta da ƙarafan da ke ƙarƙashinta. Idan aka ɗaga ta sosai sai ta sami sararin, amma yatsa ya sha wuya wajen dannawa, amon kuma ya ɗan haura inda ya kamata ya tsaya domin dannawar tana ƙara mata ɗauri. Idan aka sauke ta sai ta yi daɗin kaɗawa, amma ta fara goga. Tsakanin wannan da wancan akwai tazarar da ba ta kai milimita biyu ba, kuma tarihin sana'ar gyaran jita, idan aka taƙaita shi, tarihi ne na yadda ikon daidaita wannan 'yar tazara ya taso daga hannun mai ƙira, sannu a hankali, ya iso hannun makaɗi.

Zamanin hanji

Tsofaffin bayanai a kan firet sun zo a rubuce-rubucen malaman Musulunci game da udu, kayan kiɗan Larabawa mai gajeren wuya da ƙaton ciki. Al-Kindi a Bagadaza cikin ƙarni na 9, da Al-Farabi wanda ya rasu a 950, duk sun yi bayanin igiyoyin da ake ɗaurawa a wuyan udu, waɗanda suka kira dasatin, tare da lissafin inda kowace za ta zauna. Udun yau ba shi da su, amma jikansa na Turai, wanda ake kira lut, ya riƙe su har ƙarshen zamaninsa. Firet na lut da na jitar farko ba ƙarfe ba ne, igiya ce ta hanjin tumaki da ake ɗaurawa a kewaye wuya, saboda haka makaɗi yana iya matsar da ita gaba ko baya, yana kuma iya kwance ta ya ɗaura sabuwa idan ta cinye.

Makaɗan wancan zamani sun san gogar tsirkiya, kuma sun yi mata magani mai hikima, domin ba sa ɗaura igiyoyin da kauri ɗaya. Mai kauri ita ke zama kusa da kai, sa'an nan kaurin ya riƙa raguwa yayin da ake gangarowa zuwa ciki, ta yadda tsirkiyar da aka danna a kowane gurbi za ta tashi daga tudu ta wuce bisa abin da ya fi shi ƙasa. Makaɗin Ingila John Dowland ya bayyana wannan tsari a wani littafin koyar da lut da ɗansa Robert ya buga a 1610. Kafin shi, a 1581, Vincenzo Galilei na Italiya, mahaifin masanin taurari Galileo, ya ba da ƙa'idar raba wuya, wato a raba tsawon tsirkiya kashi 18 a sa firet na farko a ƙarshen kashi ɗaya, sa'an nan a maimaita lissafin da abin da ya rage. Masu ƙira na yau suna raba wa da 17.817, adadin da ke sa firet na 12 ya faɗa daidai tsakiyar tsirkiya. A wannan zamani dai gyaran goga aikin makaɗi ne da kansa, kuma kayan aikinsa ba su wuce igiya da wuƙa ba.

Shigowar ƙarfe

A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 jita ta koma mai tsirkiya shida ɗai-ɗai, masu ƙira kuma suka bar igiyar hanji suka koma dasa firet na ƙarfe ko na hauren giwa a cikin tsagin da aka yanka a allo. Wannan ya kawo ƙarko da tsabtar amo, amma ya ƙwace gyara daga hannun makaɗi, domin ƙarfen da aka dasa ba ya matsawa, idan kuma ɗaya ya fi 'yan'uwansa tudu ko da kaurin takarda ne, sai an koma wurin mai magagari. Johann Georg Stauffer na birnin Biyana ya nemi mayar wa makaɗi wani ɓangare na wannan iko a shekarun 1820, lokacin da ya ƙera jita mai wuyan da ake karkatarwa da makulli irin na agogon bango, a ɗaga tsirkiya ko a sauke ta ba tare da an taɓa manne ba. Christian Frederick Martin, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa New York a 1833 kafin ya koma garin Nazareth a jihar Pennsylvania, ya tafi Amurka da wannan fasali, kuma wasu daga jitocinsa na farko suna ɗauke da shi.

Abin da ya tsananta matsalar shi ne tsirkiyar ƙarfe, wadda makaɗan Amurka suka runguma saboda ƙarfin amonta. Tsirkiyoyin hanji shida suna jan wuya da nauyin da ya kai wajen kilo 40, na ƙarfe kuwa a jitar da ba ta lantarki ba suna iya haura kilo 70, kuma katakon da ke shan wannan ja dare da rana dole ya lanƙwashe gaba, kamar yadda tsirkiyar maharbi ke lanƙwasa baka. Kamfanin Gibson na garin Kalamazoo a jihar Michigan ne ya kawo maganin da har yau ake amfani da shi. A 1921 wani ma'aikacinsa mai suna Thaddeus McHugh ya nemi takardar mallakar ƙirƙira, wadda aka ba shi a 1923, a kan wani rodi da ake binnewa a cikin wuya, mai noti a gefe ɗaya. Idan aka ɗaure notin sai rodin ya ja wuyan baya ya yi tsayayya da tsirkiya, idan aka sassauta kuma sai ya bar tsirkiya ta ɗan lanƙwasa shi. A daidai wannan lokaci kamfanin ya fito da jaki, wato abin da tsirkiya ke hawa a kan gangar jiki, wanda ake ɗagawa ko saukewa da 'yan ƙafafu biyu masu juyawa.

Kamfanin da Martin ya kafa bai bi wannan hanya da wuri ba. Ya dogara ga ƙarfafa wuya da sandar katakon kanya, daga 1934 kuma da sandar ƙarfe marar noti, yayin da masu gyara ke sarrafa lanƙwasar wuya ta hanyar dasa firet mai kaurin gindi, wanda ke cusa kansa cikin tsagi ya tura wuyan baya. Sai a 1985 Martin ya fara sa rodi mai juyawa, fiye da shekara 60 bayan Gibson.

Lantarki da saukowar tsirkiya

Jitar lantarki ta farko da ta sami karɓuwa a kasuwa, wadda George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar a 1932 a Los Angeles, ba ta san gogar tsirkiya ba, domin a cinya ake kwantar da ita a riƙa zamar da guntun ƙarfe bisa tsirkiyoyin da ke can sama, ba sa taɓa allo ko kaɗan. Amma da Gibson ya fitar da ES-150 a 1936, jitar lantarkin da ake danna tsirkiyarta da yatsu, wadda makaɗi Charlie Christian ya yi suna da ita, sai lissafin ya sauya. A jita marar lantarki makaɗi yana buƙatar tsirkiya mai kauri da bugu mai ƙarfi kafin a ji shi, wannan kuwa yana tilasta a ɗaga tsirkiya. A jitar lantarki maganaɗisun da aka naɗe da waya shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya aika wa amfilifaya, saboda haka ƙarfin amo ya daina dogara ga ƙarfin hannu, makaɗa kuma suka fara neman a sauke musu tsirkiya iyakar saukewa. Duk saukewar da aka ƙara, kuskuren da firet zai iya yi ba tare da an ji shi ba sai ya ƙara ƙanƙancewa.

Leo Fender na garin Fullerton a Kalifoniya ya koyi wannan darasi da tsada. Jitocinsa na farko masu suna Esquire, na 1950, sun fita ba rodi a wuyansu, domin ya yi imani katakon mafal yana da taurin da zai iya tsayawa shi kaɗai, amma wuyan wasu ya lanƙwashe, kuma kafin shekarar ta ƙare ya sa rodi a Broadcaster, wadda aka sauya wa suna zuwa Telecaster a 1951. Ta bayan wuya aka tsaga aka sa rodin, aka toshe tsagin da katako mai duhu, wanda shi ne dogon layin da ake gani a bayan wuyan jitocin Fender da yawa har yau. Telecaster tana da sirdi uku a kan jakinta, kowane yana ɗauke da tsirkiya biyu, Stratocaster ta 1954 kuwa ta zo da sirdi shida, kowane da 'yan sukurorinsa biyu na ɗagawa da saukewa da kuma ɗaya na matsarwa gaba ko baya. A shekarar ce kuma jakin Tune-o-matic na Ted McCarty, shugaban Gibson na lokacin, ya bayyana a kan jitar Les Paul Custom. Notin rodin Fender na farko a gindin wuya yake, inda sau da yawa sai an kwance wuyan kafin a kai gare shi, sai a 1971 aka mayar da na Stratocaster wajen kai, inda ɗan makulli mai kusurwa shida ke isa gare shi cikin sauƙi.

Sauyi na ƙarshe daga tsirkiyar kanta ya zo. A shekarun 1950 makaɗa irin su James Burton sun riƙa aron siririyar tsirkiyar banjo domin su sami damar tura tsirkiya gefe da yatsa su ja amon sama. Ernie Ball, mai kantin jita kuma mai koyarwa a unguwar Tarzana, ya lura ɗalibansa yara suna shan wuya da tsirkiya ta uku saboda kaurinta, kuma bisa labarin da shi ya bayar, ya roƙi Fender ya yi mai sauƙi aka ƙi, a kan cewa siririyar tsirkiya tana jawo goga. A 1962 ya fitar da nasa jerin mai suna Slinky, wanda ya zama abin koyi ga kowa. Fargabar Fender tana da tushe, domin tsirkiya marar ɗauri sosai ta fi faɗin lilo, kuma ba ta jan wuya yadda mai kauri ke ja, saboda haka wanda ya sauya kaurin tsirkiya bai taɓa rodi ba zai iya wayar gari da gogar da ba ta nan jiya. Tura tsirkiya gefe ya tono wata matsalar kuma, domin allon Fender na da yana da doro sosai, irin na da'irar da rabin faɗinta inci 7.25 ne, tsirkiyar da aka tura a can ƙasan wuya sai ta haɗu da doron ta shaƙe. Wannan ne ya sa Fender ya koma inci 9.5 a yawancin jitocinsa na zamani, Gibson kuwa ya daɗe a kan inci 12.

Sana'ar gyara da tsarin bincike

Yawaitar sassa masu juyawa ta haifar da sana'a mai zaman kanta, ta masu saita jita, waɗanda ba su ne suka ƙera ta ba. An kafa ƙungiyar masu ƙera kayan kiɗa masu tsirkiya ta Amurka a 1972, aka buɗe makarantar Roberto-Venn a birnin Phoenix a 1975, kamfanin Stewart-MacDonald na jihar Ohio kuma ya riƙa sayar da kayan awo da magagarai na musamman, yayin da Dan Erlewine ya rubuta littafin gyara da ya shiga hannun makaɗa masu yawa. Abin da waɗannan mutane suka tattara shi ne tsarin bincike wanda mai koyo zai iya bi, kuma ginshiƙinsa shi ne cewa inda gogar take yana nuna inda cutar take.

Binciken daga hannun makaɗi yake farawa, domin yatsan da ya danna tsirkiya nesa da firet, ko ya danna ta sako-sako, ko hannun da ke bugu da ƙarfin da ya wuce kima, duk suna jawo goga a jitar da ba ta da laifin komai. Daga nan sai a saurara ta amfilifaya, domin 'yar ƙarar da kunne ke ji a jiki amma ba ta fitowa a lasifika yawancin masu gyara ba sa ɗaukar ta matsala, sa'an nan a tabbatar ba wani sukuru ko noti ne ya kwance yake kaɗawa ba. Idan gogar tana tashi ne kawai sa'ad da aka kaɗa tsirkiya ba a danna ta ba, to tsagin ƙaramin jakin da ke bakin kai ya yi zurfi. Idan tana gurabe biyar na farko, wuyan ya miƙe da yawa ko ya lanƙwashe baya. Idan daga firet na 12 zuwa ƙasa take, galibi sirdi ne ya sauka. Idan kuwa a gurbi ɗaya tak take, to firet ɗin da ke gaba ya yi tudu, ko wanda ake dannawa ya cinye.

Awon lanƙwasar wuya shi ne aikin da ya fi nuna yadda sana'ar ke tafiya. Mai gyara yakan ɗaure jita daidai, ya matse tsirkiya ta shida a firet na farko da wani matsi da ake kira kafo, ya danna ta da yatsa a firet na ƙarshe, ta yadda tsirkiyar da kanta za ta zama miƙaƙƙen ma'auni, sa'an nan ya zura siririn ƙarfen awo, irin wanda makanikai ke auna bakin fulogi da shi, tsakaninta da firet na 8. Awon da Fender ke bayarwa ga yawancin jitocinsa shi ne milimita 0.25 a nan, da kuma wajen milimita 1.6 na tsayin tsirkiya a firet na 17. Idan ba a sami sarari ba sai a sassauta rodi ta juya noti hagu, ba fiye da rubu'in zagaye a lokaci ɗaya ba, a sake ɗaure tsirkiya, a bar katako ya huta, a sake awo, kuma notin da ya ƙi juyawa ba a tilasta shi, domin rodin da ya karye gyaransa na iya fin kuɗin jitar. Firet mai tudu kuwa ana gano shi da guntun ƙarfe miƙaƙƙe da ake ɗorawa bisa firet uku, idan ya yi rawa to na tsakiya ne ya fi tsayi. A nan iyakar mai koyo take, domin goge firet da magagari aiki ne da ba a mayar da shi baya. A wajen shigowar ƙarni na 21 wani kamfani a Balin ya fitar da na'urar Plek, wadda ke auna kowane firet yayin da tsirkiya ke ɗaure, kwamfuta kuma ta goge shi da ƙididdigar da hannu ba ya kaiwa, kuma Gibson na cikin masu amfani da ita.

Yanayi da kunnen mai sauraro

Ko na'ura ba ta kawo ƙarshen matsalar ba, domin katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Masu ƙira suna son jita ta zauna inda danshin iska ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, alhali a Kano ko Agadas yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana a lokacin hunturu, sa'an nan ya tashi sosai da damina. Allo yakan tsuke har bakin firet ya fito yana yankar yatsa, wani firet ya yi sako-sako a tsaginsa, wuya kuma ya motsa, saboda haka jitar da aka saita a Agusta tana iya neman sabon awo a Janairu. Wannan ya shafi makaɗan Agadas kai tsaye, inda jitar lantarki ta zama kayan kiɗan biki tun bayan da Abdallah Oumbadougou da tsararsa suka yaɗa ta, kuma a wannan yanki na Nijar ne Bombino da Mdou Moctar suka yi fice, na biyun ma da wayar burkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko.

Ya kamata kuma a sani cewa ɗaukar goga a matsayin aibi hukunci ne na wata al'adar kiɗa, ba na duniya duka ba. Masu ƙera sitar a Indiya suna sassaƙa jakinta da gangan domin tsirkiya ta riƙa taɓa shi, haka ma shamisen na Japan, makaɗan filamenko na Sifen suna sauke tsirkiya har ta ɗan goga domin suna son kaifin da hakan ke bayarwa, masu garaya a ƙasar Hausa kuma, waɗanda kayansu ba shi da firet sam, suna maƙala ƙarfe mai zobba a kan sanda domin ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiya. Abin da ya raba waɗannan da gogar mai koyo shi ne cewa su zaɓa suka yi, kuma tasu ƙarar ba ta kashe amo.

Kammalawa

Daga igiyar hanji zuwa makullin Stauffer, daga rodin McHugh zuwa sirdi shida na Fender, masu ƙira sun yarda cewa ba za su iya tsayar da tazarar tsirkiya sau ɗaya ta zauna har abada ba, domin ta dogara ga hannun makaɗi da kaurin tsirkiyarsa da iskar garinsu, shi ya sa suka bar masa noti da sukuru. Mai koyon da ya ji goga ba ya buƙatar sabuwar jita, abin da yake buƙata shi ne ya duba yatsansa tukuna, ya auna kafin ya juya komai, ya taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, rodi kafin sirdi, ya kuma bar magagari ga wanda ya koyi riƙe shi.